Zoɓo a Cikin Gahawa

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yabe ni a kan idona. Babban tsorona shi ne ta raina aikina. A gida an san dai ina wani kamfani a Dubai. Ban taɓa faɗa mata cewa ɗanɗanar gahawa nake yi ba. Buhunan gahawar arabika da ake nomawa a tsaunukan Habasha kan sauka a sitonmu kusa da kasuwar Murshid Bazaar, a gasa kaɗan, ni kuma in kurɓa in faɗi darajar kowane.

Da ta biyo ta nan bayan Umara, ta sauka a ɗakina na unguwar Al Muraqqabat, sai ta ce a kai ta wurin aikin. Ba yadda zan yi, na kai ta.

Kofuna takwas ne a jere, maigidana Bahabashe yana tsaye. Na ɗebo da cokali, na zuƙa da ƙara yadda sana'ar ta gada, fuuut, na tofar a gwangwani. Inna ta rafka salati.

"Wannan yaron, digirin noman ke nan? Ni na koya maka shan abu kamar akuya? Kuma abincin Allah kake tofarwa?"

Maigida ba ya jin Hausa, amma ya gane faɗa ake. Ya miƙa mata cokali. "Yalla Mama, shwaiya," in ji shi da Larabci, wato ta taɓa kaɗan.

Ta kurɓa a hankali, ta haɗiye.

"Wa ya zuba zoɓo a nan?"

Na fassara masa. Ya zaro ido, ya juyo mana da takardarsa. Ɗanɗanon zoɓo, abin da ya rubuta ke nan a kan wannan kofin tun da safe. Kofi na biyu ta ce tsamiya ce da ba ta gama nuna ba. Na uku ta yamutsa fuska, ta ce buhun ya sha danshi, ta san warin daga rumbun dawa. Duk ta faɗi daidai, kuma ko ɗigo ba ta tofar ba.

A jirgin metro da muke komawa ba ta tada zancen aikin ba, har na fid da rai. Da la'asar ina wanke-wanke na jiyo ta a waya da ƙanwarta, ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Aikin ba na kowa ba ne, sai mai harshe. To, wa kike zato ya gado?"

Daɗi ya rufe ni, amma ban fito ba. Na san da na leƙo za ta ce ba da ni take ba.