Yatsu Uku da Ka Bari da Gawayi

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Lachlan Imrie, mai zanen fuskokin mutane, ya rasu a gidansa da ke bakin tashar jiragen ruwa ta garinmu, yana da shekara saba'in da takwas. Matarsa Catriona ce ta kira ni. Ta ce, "Wilma, ya tafi. Kuma bai gama zana ki ba." Muka yi dariya, sannan kuka ya ci ƙarfinmu.

Lachie, ni ce Wilma Slater, wadda ta ja jirgin ruwan ceto na garin nan har ƙarfinta ya ƙare, kuma ni ce mutum ta ƙarshe da ta zauna a kujerarka ta zane. Ina rubuta wannan da baƙin ciki, ina kuma rubuta shi da fushi, kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba.

Mahaifinka fentin jiragen kamun kifi yake yi, a hannunsa ka fara riƙe burushi. Ka tafi Edinburgh karatu, ka yi suna, ka zana alƙalai da shehunan malamai da masu kuɗi. Sai ka zana wani babban alƙali da jan hancinsa da idonsa mai gyangyaɗi, yadda kowa ya san shi a kotu. Aka ce ka gyara. Ka ce kai zane ka iya, gyaran mutum sai Mahaliccinsa. Daga nan manyan gidaje suka daina kiranka, ka tattaro kayanka ka dawo gida, ko a jikinka.

A nan ka zana matan da ke feɗe kifi, da mai gidan burodi, da limamin coci yana atishawa. Ba ka taɓa zana mutum daga hoton kyamara ba. Sai ya zo ya zauna, ka ba shi shayi, ka ja shi da hira har ya manta kana kallonsa. Sau ɗaya ka zana wanda ba ya gabanka: Sandy Reid, wanda teku ta ci ba a ga gawarsa ba. Daga tunaninka ka zano shi, ka kai wa matarsa, ka ajiye a bakin ƙofa ka juya kafin ta yi godiya.

Da kwamitin zauren gari ya ce ka zana ni don a rataye zanen a bango, na zo maka da hannun hagu a aljihu. Kowa a garin nan ya san igiya ta tsinke mini yatsu biyu ranar da muka janyo wani jirgi daga kan duwatsu, amma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin hannun, ko a coci. Ka kalle ni ka ce, "Kyaftin, fito da shi."

Na ce, "Ka zana fuska, malam. Ita aka sa ka."

Ka ce, "Fuskar nan taki ai ko kifi ya gan ta sai ya gudu. Hannun nake so."

Haka muka yi ta ja duk tsawon hunturu, kana tari, ina taurin kai, Catriona tana kawo mana miyar kifi tana ce mana tsofaffin banza. A zamanmu na ƙarshe na fito da shi na ɗora a gwiwa. Ka ɗauki gawayi ka zana yatsu uku, sai numfashi ya gagare ka, ka ce mu ƙarasa wani mako. Makon bai zo ba.

To, ga abin da ya ɓata mini rai. Tun ba a binne ka ba, shugaban kwamiti, Mista Duthie, ya zo mini da fara'arsa. Wai an samo wani matashi daga Glasgow da zai ƙarasa zanen daga hoto. Wai kuma gara a mayar da hannun aljihu, tunda haka jama'a suka san ni, kuma yara suna shiga zauren. Na ce masa, "Duthie, yara nawa ne a garin nan suke da uba saboda hannun nan? Je ka ƙirga, sannan ka dawo ka gaya mini abin da zai tsorata su."

Ranar jana'izarka, da aka zo raba igiyoyin sauke akwati cikin kabari, waɗanda 'yan uwa na jiki kaɗai ake bai wa, Catriona ta sa aka kira sunana. Na fito da hannun dama. Sai ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Ba wannan ba." Gari duka yana tsaye, har da Duthie. Na zaro na hagu daga aljihu, na naɗe igiyar a yatsu ukun nan, na sauke ka da su. Igiya ce ta sa na ɓoye shi, Lachie, kuma wallahi bai saki wannan ba sai da akwatinka ya taɓa ƙasa.

Don haka kwamiti ya ji da kyau. Zanen yana hannun Catriona, ni da ita kuma bakinmu ɗaya. Ba burushin da zai ƙara taɓa shi, kuma ba zan zauna a gaban wani mai zane ba har in mutu. Ko dai a rataye shi yadda ka bar shi, fuska da fenti, hannu da gawayi, ko bangon ya zauna fayau, duk wanda ya tambayi dalili in gaya masa da bakina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Catriona, da 'yarku Eilidh, da jikokinka, da duk wanda fuskarsa take rataye a wani ɗaki saboda kai. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka da kaifin harshenka, ya sa ka huta. Ka kalli mutane yadda suke ba ka ƙyamace su ba, Allah ya dube ka da irin wannan idon.

Hannun yana waje, Lachie. Da shi na danne takardar nan ina rubutu.