Wifi a Cikin Kwanon Ramlatu

Ramlatu mai dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a Zongo mace ce mai haƙuri, amma abu guda ya tsaya mata a rai. Ɗanta ya sa mata wifi don ta riƙa ganin jikanta da ke Kwatano, sai dai kullum hoton yaron daskarewa yake, baki buɗe. Maƙwabciyarta Hannatu kuwa, malamar asibiti, ta bayan katanga ake jin dariyarta da nata jikokin a waya.

"Rezo ma, sabis ɗin nan, ya san gidan ma'aikata," in ji Ramlatu.

Ta kashe akwatin wifin ta kunna, ta sa an canza kod ɗin sirri, duk a banza. Da ta gaji, ta danne zuciya ta kira Hannatu.

"Yaya, ina akwatin yake?" in ji Hannatu da ta shigo.

Ramlatu ta ɗaga murfin babban kwanon jerenta. Can ta ɓoye shi saboda idon mutane.

"Haba Yaya! Ko ni aka rufe a kwano, wa zai ji muryata?"

Hannatu ta ɗora shi a taga, ta ɗauki wayar Ramlatu ta gwada kira. Fuskar yaron ta fito tar, ya washe baki: "Tanti Hannatu, ina wuni!"

Kishi ya kama Ramlatu, ta karɓe wayarta. "To, an gode. A gaida gida."