Gwajin Katin Gonaki a Bayan Kebbe

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni ƙaramin akawu ne a Tambuwal, aikina kwafar wasiƙu da jera fayil. Wata safiya babban akawunmu ya kira ni, ya ce daga sama ana tunanin yi wa kowace gona kati: sunan mai ita, iyakokinta, abin da ake shukawa, da yadda ya same ta, gado ko saye ko aro. Za a jera katunan cikin akwatuna gari-gari, in rigima ta taso alƙali ya aiko a zaro kati a duba, ba sai an tara tsofaffi ana rantse-rantse ba. Amma kafin a buga kati ko ɗaya, ana so a san ko abin zai yiwu.

"Ba rubuta gonaki na aike ka ba," in ji shi. "Tafi ka gano muna ko suna rubutuwa."

Aka haɗa ni da malamin gona, wani dattijo mutumin Sanyinna, mai sanyin magana, wanda babu fadamar da bai taka ba a ƙasar nan. Muka zauna muka tsara tambayoyinmu. Kati nawa malami ɗaya zai cika a yini? Da boko za a rubuta ko da ajami? Ina za a ajiye akwatunan gara ba ta ci su ba? In mai gona ya rasu wa zai gyara katinsa, kuma wa zai kawo labari daga Kebbe in damina ta yanke hanya? Ni na yanka kwali da almakashi, na ja layuka, na yi katunan gwaji.

A Dogon Daji aiki ya tafi sumul. Abin da muka gano kawai shi ne suna ɗaya mutum goma ke amsa shi, sai an ƙara na uba da na unguwa. Ni har na fara tsara rahoto a raina. Malamin gona ya ce gonar tudu ba gwaji ba ce, sai mun je inda ƙasa ke da tsada a idon mutane. Muka hau kekuna muka nufi wani ƙauye a bayan Kebbe.

Da hantsi mai gari ya shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, bakin fadama, jama'a suka kewaye mu. Na cika kati kamar bakwai lafiya lau. Sai muka zo kan wani yanki na shinkafa kusa da ruwa.

"Wannan gonar wa ce?" na tambaya.

"Tau ta," in ji wani tsoho mai farin gemu, wato tasa ce.

Wani magidanci ya miƙe daga baya, gatari rataye a kafaɗarsa, da alama daga daji yake. Ɗan ƙanen tsohon ne. "Baffa, ji tsoron Allah. Ubana ya sare ta. Ni nika noman ta tun da ya rasu."

Daga baya na ji yadda suke zaune: magidancin ke noma, in an yi girbi ya kai wa baffansa damin farko, babu wanda ya taɓa cewa tawa ce ko taka ce. Katina kuwa layi ɗaya ne na suna.

Malamin gona ya dafa hannuna. "Malam, tsallake wagga."

Ban tsallake ba. Ina so in koma da kati cikakke. Na dubi mai gari, ya sunkuyar da kai. Sai na rubuta sunan tsohon da fensir, tunda shi ya fara magana, na ce ai gwaji ne kawai.

"In ka kai shi Tambuwal wa za shi gaya musu gwaji na?" in ji magidancin. Ya ratsa mutane ya fizge katin daga hannuna.

Babban ɗan tsohon ya sheme shi da sanda a gadon baya. Kafin in miƙe wuri ya hargitse. 'Ya'yan tsohon suka yi kansa, surukan magidancin suka yi kansu, kowa da abin da ya zo da shi daga gona. Na ga lauje ya tsarge kuncin wani har haƙora suka bayyana. Wani ya ɗaga hauya a kaina yana cewa ni na kawo fitina. Na kare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Na faɗi, aka bi ta kaina, dunduniyar wani ta zubar mini da haƙora biyu.

Daga ƙasa na hangi magidancin ya zare gatari ya nufi baffansa, jini na zuba daga goshinsa ya rufe masa ido. Malamin gona ya shiga tsakani, hannuwansa a sama, yana cewa, "Ɗana, dubi Allah! Ɗana!" Gatarin ya sauka a gefen wuyansa. Ya durƙusa, ya dafe wurin, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa.

Nan take kowa ya tsaya. Magidancin ya yar da gatarin ya zauna a ƙasa yana salati. Mai gari ya kwance rawaninsa ya ɗaure raunin, aka ɗora malamin gona a kan ƙyauren kara, mutum huɗu suka ɗauka zuwa Kebbe. Ina biye da su riƙe da hannuna. Ba mu yi rabin hanya ba ya cika.

Sai da mai ɗori ya kwance mini karan hannu na iya rubuta rahoton. Na ce kwali zai samu, akwatin ƙarfe zai hana gara, malamai za su iya koyo cikin ɗan lokaci. Amma kada a kai kati fadama sai dangi sun zauna da alƙali sun daidaita tukuna, kuma a buɗe layi na biyu don gonar da mutum biyu ke da hannu a cikinta. Na rubuta cewa marigayin ya hana ni, na ƙi ji.

Babban akawu ya karanta ya ce, "Cire wanga layi na ƙarshe, za shi ja maka."

"Ranka ya daɗe, a bar shi."

Ya bar shi. Aka dakatar da shirin, ni kuma aka rage mini matsayi aka tura ni sito. Magidancin ya tafi gidan yari, can ya ƙare. Tsohon ya hana 'ya'yansa taka wannan yanki, ciyawa ta cinye shi. Da na je Sanyinna gaisuwa, matar marigayin ta yi mini magana ta bayan zana, ta tambaye ni ko ya samu yin kalmar shahada. Na ce ya yi, a kunnena. Ta ce alhamdu lillahi, ta sa aka kawo mini ruwa.