Don-Me, Mai Jera Kujerun Zauren Ɗalibai

Haihuwa da Karatu

An haife shi a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa ungozoma. Tun bai iya ɗaura wando ba ya addabi gidan da tambaya, har kakarsa ta gaji ta laƙaba masa Don-Me, laƙabin da ya danne sunan yanka har ƙarshen rayuwarsa. Ya kammala firamare a 1965, malamansa suka samu sararin numfashi, shi kuwa ya koma shagon mahaifinsa.

Aiki da Aure

A 1974 aka ɗauke shi mai kula da zauren ɗalibai na jami'a. A nan ake makon al'adu, da ranar ba da jini, da tara tufafi domin waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu, da kuma taron fahimtar juna tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista, wanda ake yi sau biyu a shekara. Ƙa'idar wannan taro ita ce a jera kujeru kashi biyu, Musulmi gefe, Kirista gefe, a bar hanya mai faɗin taku uku a tsakiya. Ya tambayi wanda ya kafa ta, kowa ya ce haka ya tarar. Abin ya tsaya masa a rai, domin ranar ba da jini a cakuɗe yaran nan suke zama, har suna yi wa mai tsoron allura dariya.

Ya auri wata tela a 1978, Allah ya albarkace su da 'ya'ya.

Shekarun Alli

A 1989 muhawara ta rikiɗe ta zama cacar baki, ɓangare na nuna wa ɓangare yatsa ta saman hanyar. Shugaban harkokin ɗalibai ya yi gargaɗi cewa in aka sake, zai soke taron kwata-kwata, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa tsarin zama. Don-Me ya koma gida da tambayarsa: shin faɗan ne ya kawo hanyar, ko hanyar ce ke kawo faɗan?

Daga 1990 ya fara gwajinsa a asirce. Kowane taro sai ya ɗaga shimfiɗar zauren, ya rage faɗin hanyar da taƙi ɗaya, ya ja layi da alli. Matarsa kaɗai ta sani, kuma hankalinta bai kwanta ba. Takan ce, "Malam, ranar da aka kama ka, kujerun za mu dafa wa yara?" Shi ma yana tsoro, amma son sani ya fi ƙarfinsa.

A 1995 hanyar ta rufe ruf, aka koma shiga ta gefen bango. Wanda ya makara sai ya zauna inda ya samu. Muhawara ba ta mutu ba, sai dai murya ta sauka, don da wuya mutum ya yi wa wanda kafaɗarsu ke gugar juna ihu. Shugaban bai taɓa lura ba, a rahotonsa ma cewa ya yi ɗalibai sun yi hankali.

Ritaya

Ya ajiye aiki a 2011. Magajinsa, mutum mai bin ƙa'ida, ya tono wata tsohuwar takardar tsarin zama ya mayar da hanyar, taku uku cif. Don-Me, da aka gayyata domin karramawa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ɗalibai suka shigo suka yi cirko-cirko.

"Kai, wa ya raba mana kujeru? Don me?" in ji wata ɗaliba, ta kama kujerar da ke kusa da ita ta ja. Kafin minti biyar zauren ya cika da ƙarar jan kujeru. Shaidu sun tabbatar da cewa ranar dattijon ya yi kuka, kuma bai tambayi kowa komai ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 9 ga Fabrairu, 2016, bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa da la'asar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbarsu malamar jinya ce, mai bi mata kafinta, na uku direba, autan kuwa malamin makaranta, wanda ya gaji tambayar. A zaman makoki ɗalibai ne suka kawo kujeru daga zaure, suka jera su a ƙofar gida yadda suka saba, sai da matarsa ta zagaya ta gefen bango kafin ta kai wa baƙi ruwa.