Ranar da Na Ture Kaskon Wanzami

Assalamu alaikum. Kun sha tambayata me ya sa nake zafi idan aka zo maganar ciwon nono. Shekara arba'in ina haɗiye amsar, yau zan faɗa.

A farkon shekarun tamanin ina naɗe alawa a wani kamfani a Bompai. Maza suna da katin asibitin kamfani. Mu mata 'yan aikin rana ne, ko kanki zai tsage sai dai ki ɗaure da ɗankwali.

Talatu ce maƙwabciyata a benci. Da ƙullutu ya fito mata a nono, aka ce daji ne, ba ya son allura, sai sakiya. Wanzami ya sa ƙarfe a garwashi har ya yi jawur. Mu huɗu muka danne ta, ni na riƙe ƙafafu. Ta yi ihu har muryarta ta dishe, ɗakin ya cika da ƙaurin nama. Wata biyar wurin yana ruɓewa, ta rasu.

Bayan shekara biyu na ji nawa a hagu, kamar gurjiya.

Gwaggona ta kira wanzamin nan dai. Ina ganin ƙarfen ya yi ja, na sa ƙafa na ture kaskon, garwashi ya watse a tabarma. Ta cafke ni, na gantsara mata cizo.

"Binta, haukacewa kika yi?"

"Gwaggo, ku yafe ni, amma wallahi ba za ku gasa ni ba."

Na fita ko takalmi babu.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka yanki tsoka aka tura gwaji. Sati shida ina jira, tsoro ya hana ni ko cin abinci. Likita ya ce, "Cirewa za mu yi, amma sai maigida ya sa hannu." Maigida ya ƙi. Matan bencinmu suka tare shi a ƙofar majemar da yake aiki a Challawa, suka yi ta masa tijara har ya zo ya dangwala.

Aka cire. Na'urar ƙona ragowar ciwon kuwa sai Ikko. Na sayar da keken ɗinkina, na hau jirgin ƙasa. Da aka fara ƙonawar a can, fata ta saɓule, na yi amai har na gaji, amma na tashi.

Da na warke na sayi littafi, na bi gida-gida a Sharada da Kumbotso ina tambayar mata: wa ke da ƙullutu, wa aka yi wa sakiya, wa ta taɓa ganin likita? Na dire wa manajan kamfaninmu littafin a tebur, na ce a ba mata katin asibiti. Ya ce kati ba na mata ba ne. Na yaye mayafi na nuna masa tabon, ya kau da kai. Kafin wata ya ƙare aka ba mu kati.

Alhamdulillahi. Matan benci, masu rai da waɗanda suka riga mu, Allah ya saka muku da aljanna.

'Yar'uwa, ki riƙa shafa nononki bayan kowace al'ada. Kika ji ƙullutu, ki tafi asibiti a ranar. Kuma idan aka kira ki ki taya dannewa, ki ƙi. Sunan Talatu ne na farko a littafin nan, kuma har yau ina jin fizgar ƙafafunta a tafin hannuna.