Tayi Ɗaya Tak

Ina aji biyar a wata lekol, wato makarantar boko, a Garoua aka ce za a kai mu dajin da gwamnati ta keɓe wa namun daji. Kayan karatun tafiyar ba wasu masu yawa ba ne: katunan hotunan dabbobi da aka raba mana, sai madubin hangen nesa guda ɗaya da malaminmu ya aro. Mushe muke ce masa, wato malam a bakin 'yan lekol. Mutumin kudu ne, bai daɗe da zuwa arewa ba.

Katin raƙumin dawa ne ya faɗo hannuna. Na kwana da shi, na tashi da shi, har gefensa ya yi laushi. Ba abin da nake so a tafiyar nan sai in ga dabbar da idona.

To ni a hannun kakata na tashi, jikar fatake, kuma a ɗakinta ba a karɓar abu a tayin farko. Ko yunwa na cinki sai ki ce kin ƙoshi. A sake, ki sake ƙi. A na uku ne za ki miƙa hannu kamar ba ki so. Mai karɓa tun farko, a wurinta, ɗan gidan da ba a ɗora tukunya ne.

Muka sha rana a mota, ba mu ga komai ba sai birai. Can mai gadin dajin ya ɗaga hannu, direba ya tsaya. Nesa, bayan itatuwa, wani abu dogo yana motsi, da ido kuwa ɗigo kawai ake gani. Yara suka yi caa a kan mushe. Shi kuma da yake ya san katin da ke hannuna, ni ya fara miƙo wa madubin.

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a mushe, na gode."

Ya ce, "Bon," wato "to," ya ba yarinyar da ke kusa da ni. Shi ke nan fa! Na tsaya sororo ina jiran tayi na biyu, madubi na yawo hannu zuwa hannu, ana ta "Kai, ga wuyansa!" Kafin ya zagayo, dabbar ta shige kurmi. Haushi ya cika ni, amma ban yi kuka a gabansu ba.

A gida na yi. Kakata ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ke kin yi daidai, 'yar nan. Shi ne ba shi da tarbiyya. Wane irin mutum ne ke tayi sau ɗaya?"

Iyakar rarrashin da na samu ke nan. Har yau ban ga raƙumin dawa ba.

Bara aka kai ajin 'yata dajin. Na raka ta har bakin mota, na ja kunnenta na ce, "In aka miƙo miki madubin nan, ki karɓe tun kafin a rufe baki. Kina ji na?"