Sunana Gunnar

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan na unguwar Dokki a Alƙahira ya san gaisuwar Baba Ƙanƙara. Kafin ka ce sannu ya tambaye ka sunanka da na ubanka. Wai haka suke a ƙasarsu Iceland, ko shugaban ƙasa sunansa ake kira gatsal. Shekara tara ina tuƙa shi, kullum rigimarmu ɗaya, har na gaji.

"Isa ɗan Garba, sunana Gunnar."

"To, Yallabai."

Mutumin da ya zauna majalisa, ya yi ministan kifi, ya yi jakada, sanyin ƙashi ne kawai ya koro shi Alƙahira bayan ritaya. Ga shi sa'an babana. Ta ina bakina zai iya?

Ana tsaka da zafi za ka gan shi cikin rigar ulu da marigayiya matarsa ta saƙa. Na ce za ka dahu fa. Ya ce, "Shekara saba'in ina daskarewa, bar ni in narke."

A kasuwa kuwa sai ya ɗaga kifi, ya leƙa idonsa, ya ce wa mai shi, "Wannan tun shekaranjiya ya rasu." Mai kifi ya ce, "Ma'alish ya basha," wato yi haƙuri ranka ya daɗe. Tsohon ya juyo gare ni rai a ɓace. "Ka ji? Shi ma bai san sunana ba."

Wata rana ya rantse ba zai shiga mota ba sai na kira sunansa. Ya kama hanya a ƙafa, ni kuma ina rarrafe da mota a bayansa, duk titi na zuba mini oda da zagi. Tsufa ne ya raba mu a bakin gada, ya shigo yana haki.

Da ya kwanta asibiti, 'yarsa tana hanya, ya riƙe hannuna.

"Tun da matata ta rasu, daga basha sai Yallabai. Na gaji, Isa."

Na waiga ƙofa kamar mai shirin sata. Na ce, "Gunnar."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ban ji ba. Sake."

Ya ji sarai, tsohon nan. Sau huɗu ya sa ni, kuma kunyar ba ta kashe ni ba. Har yau ina jin ciwon shekara taran da na hana shi.

Allah, Kai ka san alherin da ya yi mini. Ka ba 'yar Gunnar haƙuri.